Kukan kurciya jawabi ne: me rikoda za ta iya faɗa mana game da dabbobin daji?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aikin sa-kai da wata 'yar ƙungiya da ke kula da wani daji. Shekara uku ke nan muna fita ƙirga tsuntsaye da sauran dabbobi da ido, amma dajin yana da duhuwa, yawancin abin da ke ciki ba ma ganinsa. An ba mu shawara mu samo ƙananan rikodoji mu ɗaura a jikin bishiyoyi, wai kwamfuta za ta saurara ta faɗa mana duk dabbar da ke wurin har da adadinta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, za mu iya daina fita ƙirge? Kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa aikinku albarka. In na fahimce ki da kyau, alkawari biyu aka dunƙule muku wuri ɗaya: cewa rikoda za ta faɗa muku su wane ne a dajin, da cewa za ta faɗa muku su nawa ne. Na farkon yana yiwuwa ga duk dabbar da ke da murya, sau da yawa ma rikoda ta fi mutum iya shi. Na biyun kuwa, nan ne na ga ƙungiyoyi da dama sun ɓata shekara guda suna tara sauti, a ƙarshe aka tambaye su lamba suka rasa ta faɗa. Batun daina fita kuma, ki cire shi daga ranki tun yanzu. Fitar ce dai za ta sauya kama.

Inda ji yake korar gani

Mun saba cewa gani ya kori ji, to amma a daji mai duhuwa maganar juyewa take yi. Ke ma shaida ce. Ki duba littafinki na ƙirgen asuba, ki ware tsuntsayen da kika gani da ido da waɗanda kika rubuta don kin ji kukansu, ki ga wane ɓangare ya rinjaya. Dabba tana ɓoye jikinta don kada a cinye ta, amma ba ta da yadda za ta yi ta rufe bakinta har abada. Namiji sai ya kira mace, mai wuri sai ya gargaɗi maƙwabcinsa kan iyaka, uwa sai ta nemi ɗanta, garken da ya watse sai ya haɗa kansa. Duk wannan da murya ake yi, kuma murya tana kewaye ganye da kututture ta iso inda ido ba ya kaiwa.

Abin da rikoda ta fi mu da shi ba wayo ba ne, haƙuri ne. Ba ta barci, sauro ba ya korarta, dabba ba ta jin warinta balle ta gudu. Tana nan ƙarfe uku na dare lokacin da mujiya da kwaɗi ke sha'aninsu, tana nan ranar da ku kuke jarrabawa. Sannan kunnenta ɗaya ne a ko'ina. Ki tura mutum biyu wuri ɗaya, za su dawo miki da jeri biyu mabambanta, musamman in ɗaya ya manyanta, domin siraran muryoyi su ne farkon abin da kunne ke rasawa in shekaru sun ja. Kuma abin da aka naɗa yana nan. In wani ya yi musu bayan shekara goma, sai a kunna masa.

Akwai kuma muryoyin da kunnenmu bai taɓa ji ba sam. Sauti kaɗawar iska ne, yawan kaɗawar a cikin sakan ɗaya kuma shi ake aunawa da ma'aunin da ake kira haz. Kaɗawa kaɗan, murya mai kauri. Kaɗawa da yawa, siririyar murya. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin daga haz 20 zuwa wajen 20,000. A 1984 wata masaniya mai suna Katy Payne tana tsaye kusa da giwaye a gidan namun daji na birnin Portland a Amurka, sai ta riƙa jin iska tana ɗan girgiza a jikinta alhali kunnenta bai ji komai ba. Ta koma da kayan naɗar sauti, aka ƙara wa tef ɗin gudu, sai ga muryoyi sun fito: ashe giwaye hira suke yi da gurnanin da ya yi kauri har ya faɗa ƙasa da abin da muke iya ji, irin wanda ke tafiyar kilomitoci. Daga wannan ne aka kafa shirin sauraron giwaye a Jami'ar Cornell a 1999. Amfaninsa ya fi fitowa ga giwar kurmi ta tsakiyar Afirka, wadda ba a iya hango ta daga jirgin sama saboda rufin bishiyoyi, har ta kai da kashinta ake ƙiyasta yawanta. A gandun Nouabalé-Ndoki na ƙasar Kongo an jera rikodoji 50 a faɗin daji mai murabba'in kilomita kusan 1,250 saboda ita.

Jemagu su ne ɗaya gefen. Tun ƙarshen shekarun 1930 Donald Griffin ya nuna cewa jemage mai cin ƙwari yana ƙyasta siririyar ƙara ne ya saurari amsa-kuwwarta, da ita yake gane bango da ƙwaro cikin duhu. Yawancin waɗannan ƙararraki sun haura haz 20,000, wasu sun wuce 100,000. A Turai akwai wani ɗan ƙaramin jemage da aka daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne, sai a shekarun 1990 aka lura wasu suna kira a wajen haz 45,000, wasu a wajen 55,000. Da aka bi diddigi, ashe iri biyu ne masu kama da juna. Murya ce ta fara tona asirin.

Abin da ke biyo bayan ɗaura rikoda

Na'urar kanta ba ita ce matsala ba yanzu. Wadda ta fi yaɗuwa a hannun ƙananan ƙungiyoyi irin taku ita ce AudioMoth, wadda masu bincike na jami'o'in Southampton da Oxford a Ingila suka fitar a 2017. Ba ta cika tafin hannu ba, batir uku na tocila ƙanana take ci, tana zuba sauti a katin memori, kuma ana iya tsara mata lokacin farkawa da na barci. Akwai wasu da suka fi ta ƙarko da kyan makirfo, amma don koyon aiki ta isa.

Saiti ɗaya ne nake so ki riƙe, domin kuskure a kansa ba ya gyaruwa. Rikoda tana gutsurar sauti ne sau dubbai a sakan, kuma ƙa'ida ita ce yawan gutsurar ya ninka muryar da kike nema aƙalla sau biyu. In kin sa ta a 48,000, za ta kama duk abin da bai haura haz 24,000 ba, wato tsuntsaye, kwaɗi, birai da yawancin ƙwari. Yawancin jemagu kuwa za su yi ta shawagi a kanta dare bakwai ba ta san sun zo ba. Su sai an ɗaga zuwa 250,000 ko fiye, a nan kuma batir da memori suke ƙarewa kamar ana zubar da su.

Yanzu mu yi lissafi, don shi ne mutane ba sa yi kafin su fara. A saitin 48,000, awa ɗaya ta sauti tana cin megabait kusan 345, yini da kwana guda kuma gigabait 8 da ɗoriya. Ki ɗauka kun ɗaura rikoda 20 suna naɗa ba tsayawa tsawon kwana 30. Awa 14,400 ke nan, kusan terabait 5. In aka zaunar da mutum ɗaya yana saurare awa takwas kullum, ba Juma'a ba Lahadi, sai ya kusa shekara biyar kafin ya gama sautin wata ɗaya tak. Shi ya sa ba kasafai muke naɗa ba tsayawa ba. Akan tsara, misali, minti ɗaya cikin kowane minti goma, ko a cika awannin asuba da na magariba a sassauta da rana. Shi ya sa kuma ba da kunne kaɗai muke aiki ba. Ana mayar da sauti hoto: lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaurin murya a ƙasa, sirantarta a sama, ƙarfinta kuma shi ne duhun zanen. Kowane kuka da irin zanensa, kamar sa hannu. Wanda ya saba yakan duba hoton minti ɗaya cikin 'yan sakanni ya ce ga kwaɗo, ga gyare, ga tsuntsu kaza. Sai ki ga mun zagayo mun dawo ga ido.

Kwamfuta tana ji, amma tana ƙarya da gaba gaɗi

Manhajar da aka ba ku labari, ina kyautata zaton BirdNET ce ko mai kama da ita. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Cornell da wata jami'ar fasaha a Chemnitz ta Jamus suka gina ta. Tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, sakan uku-uku, ta dubi hoton kowace gunduwa, ta faɗi tsuntsun da take zato cikin fiye da iri 6,000, ta kuma ba zaton nata maki tsakanin 0 da 1. Aikin da zai ci mutum shekaru tana gama shi cikin kwanaki. Ba na raina ta, kullum da ita nake aiki.

Sai dai ki san daga ina ta koyi karatunta. Daga sautukan da mutane suka naɗa suka ajiye a rumbuna irin xeno-canto, wanda aka buɗe a 2005, da rumbun Macaulay na Cornell. Tsuntsayen Turai da Arewacin Amurka suna da samfuri ɗaruruwa, wasu dubbai, domin can masu naɗar suka fi yawa. Tsuntsun wani kurmi mai nisa wataƙila samfurinsa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Saboda haka inda halittu suka fi yawa, inda aka fi buƙatar taimakon, nan ne manhajar ta fi rauni. Kuma ba ta iya cewa ban sani ba yadda mutum zai ce. In ta ji abin da ba ta sani ba, sai ta laƙaba masa sunan mafi kusa da shi a cikin abin da ta haddace.

Makin nan ma yana yaudarar mutane. In ta ce 0.9, ba yana nufin sau tara cikin goma ta yi daidai ba. Ga wani tsuntsu 0.5 ya isa abin dogaro, ga wani ko 0.95 shirme ne. Na taɓa samun wani tsuntsu da manhaja ta ce ya yi kuka sau ɗaruruwa a wata rikoda ɗaya, da maki mai kyau, tsuntsun da ba a taɓa rubuta shi a yankin ba. Har zuciyata ta fara rubuta sanarwa. Da na saurara, reshe biyu ne suke gogar juna duk lokacin da iska ta taso. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: kowane iri da manhaja ta ambata, sai na ɗebi gunduwoyi daga masu babban maki da masu ƙarami na saurara da kunnena, na ga daga wane maki ne gaskiya ta fara rinjayar ƙarya, sannan na yanka iyaka a nan. Irin da ba a saba gani ba kuwa, ko sau ɗaya aka ambace shi sai na ji shi da kaina, na kuma tura wa wanda ya fi ni sani.

Kada ki ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai abin ke kamawa. A Amurka akwai wani babban makwakkwafi mai farin baki wanda ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi a ƙasar tun 1944 ne. A 2005 aka yi shelar an sake gano shi a dazukan fadama na jihar Arkansas, aka zuba rikodoji, aka samo kuka da ƙwanƙwasa biyu-biyu masu kama da nasa. Sai wasu masana suka nuna cewa wani tsuntsu na gama-gari yana iya yin kuka mai kama da wannan, kuma fukafukan agwagin ruwa in sun bugi juna suna ba da ƙara mai kama da ƙwanƙwasar. Har yau gardamar ba ta mutu ba. Ga kuma tsuntsaye masu kwaikwayon muryar wasu, waɗanda su da gangan suke yi.

Su nawa ne?

Nan ne zuciyar tambayarki, bari in ɗan daɗe a kai. Rikoda kuka take ƙirgawa, ba kawuna ba. In ta kawo miki kuka 300 na tsuntsu iri ɗaya a safiya guda, zai iya zama tsuntsu 30 kowanne ya yi sau goma, zai iya zama guda ɗaya mai surutu da ya zaɓi reshen da ke saman rikodar. Abin ma ya wuce nan. A wasu tsuntsaye, namijin da bai sami mace ba shi ya fi kowa waƙa. An nuna haka a wani tsuntsun Turai mai waƙar dare: wanda ya yi dace yakan daina waƙar daren, gwauron ne ke kwana yana rerawa. Kin ga ke nan wurin da waƙa ta yawaita zai iya zama wurin da mata suka yi ƙaranci, wato wurin da irin ke shirin ƙarewa. A yawancin kwaɗi kuma maza ne kaɗai ke kiran neman aure, su ma sai ruwa da zafi sun yi musu daidai. Dare ɗaya tafki ya cika da hayaniya, washegari tsit, alhali ko kwaɗo ɗaya bai bar wurin ba.

Sai batun nisa. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ganye da iska kuma suna ƙara cinye shi, sun fi ma cin siraran muryoyi. Gurnanin giwa ko rurin zaki yana zuwa daga kilomitoci, ɗan tsuntsu mai siririyar murya wataƙila sai yana cikin 'yan mitoci goma-goma. Wato rikoda ɗaya ba fili ɗaya take saurare ba, kowace dabba da faɗin da'irarta, da'irar kuma tana tsukewa in ana ruwa ko ganye ya yi yawa. Wannan yana haifar da wani tarko: daji da aka sassare ya yi sarari, sauti yana tafiya nesa a cikinsa, sai rikoda ta jiyo tsuntsaye daga nesa, a ga kamar ya fi kurmin da ba a taɓa ba albarka.

Duk da haka akwai hanyoyin kusantar lamba, kowacce da wahalarta. Wadda nake ba masu farawa shawara ita ce a sauya tambayar. Maimakon su nawa ne, a tambaya a wurare nawa suke. Kun ɗaura rikoda a wuri 30, an ji wata mujiya a 18 bana, baɗi a 17, bayan shekara biyar a 9. Ba ku san adadin mujiyoyin ba, amma kun san wani abu yana cin su, kun kuma san ta wane gefen daji abin ya faro. Da yake rikoda tana kwana da yawa a wuri ɗaya, ana iya lissafa yiwuwar a ce dabba tana nan amma ba a ji ta ba, a gyara ƙiyasin da shi. Haka hukumar gandun daji ta Amurka ta koma yi da wata mujiya mai ɗigo-ɗigo ta dazukan arewa maso yamma daga wajen 2018. Da can kwaikwayon kukanta ake yi a jira ta amsa, to sai wata mujiya da ta fi ta ƙarfi ta mamaye dazukan, ta kai ga amsawar ma ta ragu, kiran kuma yana iya jawo mata abokiyar gaba. Rikoda ba ta kiran kowa, saurare kawai take.

Wata hanyar ita ce a gano daidai inda mai kukan yake. Sauti yana tafiyar mita kusan 343 a sakan cikin iska, don haka in makirfo da yawa sun ji kuka ɗaya, ɗan bambancin lokacin da ya isa kowanne yana nuna wurin da ya fito. A Afirka ta Kudu an yi haka da wani ɗan mitsitsin kwaɗo na tsaunukan yankin Kef, wanda ganinsa ke da matuƙar wuya, aka jera makirfo shida aka fitar da yawan mazan da ke kira a fili. Amma agogunan rikodojin sai sun yi daidai matuƙa. Saɓanin sakan ɗaya kuskuren mita 343 ne, kuma agogon ƙananan rikodoji yana zamewa a hankali in ba a haɗa shi da tauraron ɗan'adam ba. Ban ba ku shawarar ku fara da wannan ba.

Akwai kuma dabbobin da kowanne ke da muryarsa ta kansa. A kan iyakar Biyetnam da Sin akwai wani birin gibon da aka sake ganowa a 2002 bayan an ɗauka ya ƙare. An daɗe ana cewa sun kai wajen 120. Da aka naɗi waƙar mazan aka bambance kowanne da muryarsa, sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna 74 ne. Ba raguwa suka yi ba, da can ana ƙirga wasu garken sau biyu ne. Labari ne mai daɗi ga masu wannan sana'a, amma ki lura: dabba ce mai ƙarfin murya, 'yan kaɗan, a ɗan ƙaramin wuri.

Misalin da ya fi nuna yadda ido da kunne ke haɗa hannu yana cikin teku ne. Bakita wata 'yar dabbar ruwa ce mai shayarwa da ba a samunta ko'ina sai a arewacin mashigin tekun Kalifoniya na Meziko, ragar masunta kuma ita ke kashe ta. Ƙirgen jirgin ruwa na 1997 ya ba da 567. Daga 2011 aka zuba na'urorin saurare a ƙarƙashin ruwa suna ƙirga ƙyas-ƙyas ɗin da take yi, aka ga yana raguwa shekara bayan shekara da saurin da ya firgita kowa. A 2015 ƙiyasi ya sauko 59, a 'yan shekarun nan kuma wajen goma ake magana. Na'urorin sun nuna saurin faɗuwar, amma lambar da aka jingina lissafin a kanta daga masu dubawa da ido ta fito. Shi ya sa na ce kada ku daina fita. Ƙirgenku na shekara uku shi ne ma'aunin da za ku gwada rikodojin da shi.

Sauraron daji dungurungum

Wasu ba sa neman sunan kowace dabba, hayaniyar dajin gaba ɗaya suke aunawa. Bernie Krause, wanda ya fara naɗar sautin daji tun 1968, shi ya yaɗa ra'ayin cewa a tsohon daji lafiyayye halittu sun raba sararin sauti a tsakaninsu, ƙwari su ɗauki siraran muryoyi, tsuntsaye su ɗauki matsakaita, wasu da asuba, wasu da dare, don kada muryar wani ta danne ta wani. A 1988 ya naɗi wani wuri a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya kafin a shiga a tsinci wasu bishiyoyi a sare. Da ya koma bayan shekara, a ido dajin yana nan kamar ba a taɓa shi ba, amma waƙar asuba ta zube.

Daga irin wannan tunani aka ƙirƙiro lissafe-lissafen da ke matse sautin minti guda su mayar da shi lamba ɗaya. Ra'ayina a kansu: a yi hattara. Ruwan sama, iska, rafi, inji, ko ƙwaro iri ɗaya mai tsananin ƙara duk suna iya ɗaga lambar, sai a ce daji ya cika da halittu. Suna da amfani in ana kwatanta wuri ɗaya da kansa, a lokaci ɗaya na shekara, da rikoda iri ɗaya. In aka ɗauki lambar wannan daji aka gwada da ta wancan don a ce wane ya fi, ni dai ba na sa hannu.

Kuma kome kyan aikin, akwai waɗanda ba za su taɓa shiga rajistar ba. Maciji, kunkuru, malam-buɗe-littafi, yawancin ƙadangaru, da dabbobi irin damisa da ba kasafai suke magana ba. Su sai kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta in abu ya gifta, ko bin sawu da kashi. Tsirrai kuwa ba a ma maganarsu.

Wani amfani da ba ki tambaya ba: rikoda tana jin mutane. A gandun Korup na Kamaru an yi amfani da ita wajen ƙirga ƙarar bindiga, aka ga da yawan harbin da dare ake yi, yana kuma ƙaruwa gab da bukukuwan ƙarshen shekara, har aka iya auna ko ƙarin sintiri ya rage shi. Ƙarar zarton inji ma haka. Amma wannan kaifi biyu ne, domin tana naɗar hirar duk wanda ya wuce. Ku sanar da mutanen da ke shiga dajin abin da kuke yi tun kafin ku ɗaura, ku yanke shawarar goge muryar mutane, ku kuma cika alkawarin. Rikodar da aka ɗauka ta leƙen asiri ce ba ta kwana biyu a bishiya. Haka nan in kun gano inda wata dabba mai daraja a wurin mafarauta take, kada ku baza wurin a intanet.

Da ni ne ke

Ban ga dajinku ba, don haka adadin rikodoji da tazararsu ku ne za ku gwada ku gani. Amma da ni ne, zan fara da rubuta tambaya ɗaya a takarda, wadda za a iya amsa ta da i ko a'a, irin su: shin tsuntsayen nan biyar suna raguwa a gefen da ake saran itace? Sai in ɗauki rikoda uku ko huɗu kawai, in ɗaura su a daidai wuraren da kuka saba tsayawa ƙirge, in yi ƙirgen ido da kunne a gefensu a safiya ɗaya, in kwatanta. Nan za ki ga me rikoda ke kamawa da ku ba ku kamawa, me kuma take bari. Zan kunna sautin da na sani daga mita 25, 50, 100 don in san iya nisan jinta a irin ganyenku. Sai wata ɗaya ya wuce, na ga na iya sarrafa abin da na tara, sannan in ƙara yawansu.

Daga nan abin da ya rage naci ne: wuri ɗaya, tsayi ɗaya daga ƙasa, saiti ɗaya, watanni ɗaya, kowace shekara. Makirfo yana tsufa, rana da ruwa suna rage masa ji, don haka a gwada kowanne kafin a fita da bayan an dawo, kada kurumtar na'ura ta zama labarin ƙarewar tsuntsaye. A guji gindin rafi da reshen da ke kaɗawa. A sa ta cikin abin da ruwa ba ya shiga, a kuma sa rai tururuwa za su yi gida a ramin makirfo, biri zai gwada ta da haƙori. Sautin asali kuma a ajiye shi wuri biyu, kada a goge don an gama lissafin bana, domin manhajar da za ta zo nan gaba za ta ji abin da ta yau ta tsallake.

Ƙaramin abu na ƙarshe, wanda na koya da tsada. Na taɓa kwashe rikodoji bayan makonni, na tarar agogon wasu ya koma sifili lokacin da aka sauya batir, katunan kuma sun cakuɗe a jaka ɗaya ba alama. Sauti mai kyau, amma ban san na wane wuri ba ne ko na wace rana, bai amfane ni da komai ba. Tun daga nan, duk rikodar da na ɗaura, kafin in bar gindin bishiyar sai na tabbatar tana naɗa, in tsaya gabanta in faɗi kwanan wata, ƙarfe nawa, lambar wurin da lambar na'urar da bakina, in tafa sau ɗaya. Ranar ɗaukewa ma haka nake yi kafin in kashe ta.